Injin wanke kwanuka ya ƙi zubar da ruwa, ku agaza mani

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan zaure, ina yininmu, ya sanyi? Don Allah wanda ya san kan injin wanke kwanuka ya taimaka mani. Ƙanwar maigida ce ta haihu a wurina, shekaranjiya aka yi suna, muka loda mashi kaya har sau huɗu. Da safe na buɗe lodin ƙarshe sai na iske ruwa kwance a ƙasa, ya kusa taɓa kwandon ƙasa, maiƙo na yawo a sama, ga wari. Na sake kunnawa, ya yi gurnani kamar na minti guda ya tsaya, wata 'yar fitila na ta ƙyaftawa. Shekararshi biyu da rabi a hannuna bai taɓa yi mani haka ba. Ina nan wajen Ƙofar Ƙaura in akwai mai gyara kusa.

Hajiya Goggo: Wa alaikumus salam. Allah shi raya abin da aka samu. Ni dai ɗiyata shawarata guda ce, kwashe kwanukanki ki kai bakin rariya, ki nemi soso da toka. Sunaye nawa muka yi a gidan nan, ba a taɓa kwana da kwano mai dauɗa ba, kuma hannu ba ya ƙyafta fitila.

Anti Amarya: Kai Goggo! Mutum na cikin damuwa kina tsokana. Maman Hanif barka, Allah ya raya. Bari Baban Walid ya hau, shi ne likitan irin waɗannan.

Baban Walid: Amin wa alaikumus salam. Hajiya barka da arziki. Kafin ki kira kowa ki biya kuɗin mota, akwai abin da za ki iya da kanki, kuma galibi a nan maganar ke ƙarewa. Da farko zare filogin daga soket gaba ɗaya, kada ki tsaya kan kashe makunni, don hannu za ki sa cikin ruwa, gidajenmu kuma ba kowanne ne aka ja wa wayar ƙasa ba. Fitar da kwandon ƙasa. Kwashe ruwan da kofi ki zuba a bokiti, ragowar ki tsane da soso. A tsakiyar ƙasan za ki ga wani abu kamar gwangwani mai raga, shi ne filta. Murɗa shi hagu zai fito, sai ki ɗago faffaɗar ragar da ke kewaye da shi. Ki wanke su da ruwan zafi da tsohon buroshin haƙori. Yaushe rabon da a cire shi?

Maman Hanif: Injiniya kada ka tona mani asiri cikin mutane. Tun kafin azumi.

Baban Walid: To ai kin ma yi ƙoƙari. Na sha zuwa gidan da ba su san yana fita ba. Ga sauran masu karatu: in kun cire filta kuka ga ɗan ruwa kamar kofi guda a cikin ramin, wannan ba matsala ba ce, haka aka yi shi, yana hana robobin ciki bushewa su tsage. Wanda ya hau kan faranti ya kwanta irin na Hajiya shi ne ciwo.

Maman Hanif: Innalillahi. Na ciro shi. Tuwo ne ya kama ragar kamar an yaɓa siminti, ga shinkafa, ga takardar magi har biyu, ga wani farin abu mai santsi. Na wanke tas na mayar, na zuba ruwa jug biyu don in gwada, na kunna. Gurnanin dai shi ne, ruwan kau ko motsi.

Auta: Anti ki sayi soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita, ki jiƙa ki zuba ki bar ta ta kwana. Haka muka yi wa sinkinmu da ya toshe, da safe ya wuce zuruf.

Anti Amarya: Ni ma na ji ana faɗin haka. Wasu kuma kanwa da ruwan zafi.

Baban Walid: Don Allah kada a zuba soda. Auta, sinki daban, wannan daban. Cikin injin akwai robobin da ke riƙe ruwa, soda na iya lalata su, tana kuma cin gorar ruwa, wato duk tukunya ko cokalin alminiyam da ya shiga bayanta sai ya yi baƙi. Na biyu, ruwan nan ba fita yake ba, kenan sodar za ta zauna a ciki, kuma wani ne zai sa hannu ya kwashe ta, ko Hajiya ko ni. Na taɓa ƙonewa da ita a wani gida da ba a gaya mani an zuba ba, fatar yatsuna sai da ta saɓule. Na uku, ke da kanki kin ce da ita ake haɗa sabulu. Da mi ake haɗa ta? Da mai ko kitse. Farin abin nan mai santsi da Hajiya ta gani kitsen ragon suna ne. Ki zuba mashi soda cikin sanyin nan, sabulu za ki dafa a cikin tiyo. Kanwa ba ta kai soda haɗari ba, amma ba ta narkewa duka, tsakuwarta za ta bi ta ƙara toshe wurin.

Auta: To ni dai namu ya yi.

Baban Walid: Allah ya taimake ku, bututun sinki mai faɗi ne. Hajiya mu koma kan sauti, don kunne ya fi ido aiki a nan. Kowane irin wanki kika zaɓa, abin da injin ke fara yi shi ne zubar da ruwan da ya tarar, don haka daƙiƙun farko su za ki saurara. Yawancinsu ma in kika danne madannin farawa na daƙiƙa 3 zai soke wankin ya shiga zubar da ruwa. Akwai ɗan famfo a ƙasa mai farfela, shi ke tura ruwan waje. In kin ji "mmmm" mai nauyi kamar fanka da aka riƙe wa fiffike, wuta na zuwa amma wani abu ya cije farfelar. In kin ji yana juyawa sumul amma ruwa bai raguwa, famfon lafiya lau, hanyar gaba ce a toshe. In kau shiru ne ɗif, to ko famfon ya ƙone ko wuta ba ta isa gare shi, wannan ne kawai sai mun zo da mitar awon wuta. Wanne kike ji?

Maman Hanif: Na farkon. Mmmm, sai wani ƙas-ƙas sau biyu, sai shiru.

Yaya Babba: Ni fa ina ganin duk wahalar banza ake, ƙarfin wuta ne. Kwana uku ke nan a layinmu ko firji ba ta iya tayarwa, ƙwan fitila kamar garwashi. Injin da aka yi don bolt 220 zuwa 240 ka ba shi abin da bai kai ba, ai dole ya yi gurnani. A sa mashi sitabilaiza kawai.

Baban Walid: Yaya maganarka na kan hanya, ina zuwa gare ta, amma ba ita ce ta yau ba. Famfon zubar da ruwa ɗan mitsitsi ne, wutar da yake ci ba ta wuce wat 30 ko kusa da haka. Mai cin wuta shi ne abin dafa ruwa, wajen wat 2,000. In da rashin ƙarfin wuta ne, da wankin ne zai fara lalacewa, kwanuka su fito da maiƙo. Kuma ƙas-ƙas ɗin nan ƙarar abu mai tauri ce.

Hajiya, sake zare filogi, ki cire filta, ki tsane ramin har ya bushe. Haska tocila. A gefen ramin, yawanci ta dama, akwai ɗan murfin roba. Wani da cokali ake ɓamɓaro shi, wani da sukuru guda aka ɗaure. Bayansa farfelar take. Kada ki zura yatsa kai tsaye, na roƙe ki, fasasshen gilashi nan yake taruwa kuma cikin ruwa ba a ganinsa. Yi amfani da filaya ko ɗan hantsaki.

Ummu Sultan: Sallama daga Daura. Ina bin ku tun ɗazu ina dariyar kaina. Nawa ranar da aka kafa shi ya ƙi zubar da ruwa, sabo fil daga kwali. Na kira mai shagon da na saya a Kano na zazzage masa, har mun yi da direba zai mayar. Ashe a jikin bututun ƙarƙashin sinki, ɗan hancin da ake cusa tiyon injin a kai, a toshe yake zuwa daga kamfani, sai an yanke bakinsa ko an cire toshiyar. Yaron da ya haɗa bai cire ba, ya ɗaura tiyo a kan rufaffen wuri. Sai da na sayi katin waya na ba mai shago haƙuri.

Anti Amarya: Hhhh su Daurawa an saba da rijiyar Kusugu, ba a saba da tiyo ba.

Ummu Sultan: Za ki zo hawan Sallah ki same ni ai.

Maman Hanif: Jama'a ga abin da na ciro, na tura hoto. Ƙwallon dabino guda, ya shige tsakanin fiffiken farfelar kamar da guduma aka buga shi. Sai ɓallin kofin gilashi, sai tsinken sakace uku. Dabinon raɗin suna ne wallahi, yara suka ci suka tofa a faranti. Amma Injiniya na juya farfelar da bakin cokali, ba ta tafiya sumul, tana yi tana ɗan tsalle. Ko ta lalace?

Baban Walid: A'a, lafiyarta ke nan. Maganaɗisu ne a cikin motar, shi ke sa ta tafi tsalle-tsalle. Wadda ta lalace ita ce mai juyawa sakaka babu riƙo, ko mai karyayyen fiffike. Mayar da murfin har sai kin ji ya ce ƙas, in bai zauna daidai ba famfon iska zai riƙa ja. Sannan ki gwada da ruwa jug biyu.

Maman Hanif: Alhamdu lillahi gurnani ya tafi, yanzu juyawa yake. Sai dai ruwan rabi ya ja, a hankali, kuma da ya tsaya na ga kamar wani ya dawo. Magariba ta yi, sai da safe in Allah ya kai mu.

Malama Ta Goruba: Kafin ku watse, nawa lamba yake nunawa ba fitila ba. Ya ake gane ta zubar da ruwa?

Baban Walid: Kowane kamfani da tashi, Malama. Bosch E24 ko E25, LG kuma OE, Samsung 5C ko 5E, duk maganar fitar ruwa ce. E15 a Bosch wata magana ce daban, ruwa ne ya zubo a tiren da ke can ƙarƙashin injin, sai ki ji famfo na ta aiki ba tsayawa. Duba littafin da ya zo da shi, shafukan baya. Kuma duk wadda ta ga kumfa ta cika ciki, ta tambayi wanda ya zuba sabulun ruwa na wanke-wanke ko garin wanki. Famfo bai iya tura kumfa. Sabulun injin daban ne, ba ya kumfa.

Maman Hanif: Ina kwananmu. Baban Hanif ya jawo injin waje da safen nan kafin ya fita. Tiyon bai lanƙwashe ba a baya, amma ba a sinki aka haɗa shi ba. Mai aikin famfon da ya kafa mana ya ƙara mashi wani tiyon, ya huda bango, ya bi da shi ƙasa ta bayan kicin har bakin kwata. Mun auna da taku, zai yi mita shida.

Baban Walid: Yawwa, ga inda gizo ke saƙar. Raba tiyon a wurin da aka yi ƙarin, ki sa bakin na injin cikin bokiti, wani ya riƙe shi da kyau, ki zuba ruwa ki kunna. In ya feso da ƙarfi, injinki ya fita daga zargi.

Maman Hanif: Ya feso har ya jiƙa wa Hanif kayan makaranta. Shi kau na wajen da muka ɗaga, nauyi kamar an cika shi da ƙasa. Baban Hanif ya matsa wani wuri, kitse ya fito dogo fari kamar kyandir.

Ɗan Fulamba: To kafin a fara zagin masu aikin famfo bari in yi magana, don na ga inda aka dosa. Ba ni na yi aikin ba, amma ruwa gangara yake bi, kowa ya san haka. Wanda ya kwantar da tiyo a ƙasa ya kai shi kwata bai yi hauka ba. Sau nawa muke cewa a sayi bututu a ce mana ya yi tsada, a yi maneji da tiyo? In ya toshe kuma a ce fulamba.

Baban Walid: Malam ba zagi, gyara kayanka ne. Gangara gaskiya ce ga ruwan da ke tafiya da kansa cikin bututu mai faɗi. Wannan turo shi ake da ɗan famfon wat 30, ta cikin tiyo mai ƙwarya-ƙwarya da bai fi kaurin babban yatsa ba. Littattafan injinan galibi suna cewa kada tsawon ya wuce mita 4, kuma tiyon ya fara hawa sama, tsakanin kamar rabin mita zuwa mita guda daga ƙasa, kafin ya sauka. Hawan nan shi ke hana ruwan datti komowa ciki, shi ke hana injin tsotse ruwan wankinsa ya zubar tun bai gama ba. In ka kwantar da mita shida a ƙasa, duk inda ya ɗan lotsa ruwa zai kwana a nan. Da zafi ba a ganewa. Yanzu da hunturu, tiyo na waje, iskar asuba na bugunsa, kitsen rago kuma da ya huce yake daskarewa. Lodi huɗu na kwanukan suna, kowanne ya bar nashi a kan na baya.

Ɗan Fulamba: Maganar hawa sama na yarda, mu ma a injin wankin kaya haka muke yi. Amma ni da za a bar ni, tiyon ƙarin nan jefar da shi za a yi. A kafa bututun roba mai inci ɗaya da rabi a tsaye bayan injin, a sa mashi gwiwar da ke riƙe ruwa don wari da kyankyasai kada su biyo daga kwata, tiyon injin ya shiga bakinsa ta sama ba tare da an liƙe ba, sauran tafiyar bututu ya yi ta da gangara. Ko ya toshe, waya za ka zura.

Baban Walid: Shi ke nan mun haɗu. Wannan aikinku ne, ba nawa ba.

Yaya Babba: Ni kuma maganar wutata an shanye ta ke nan?

Baban Walid: Ga ta nan Yaya. Hajiya, wane wanki kike zaɓa kullum?

Maman Hanif: Gajeren, na rabin awa. Tsoro nake kada a ɗauke wuta yana tsakiya, inbatar gidan kuma ba ta ɗaukarsa.

Baban Walid: Kin ji inda wuta ta shigo. Gajeren wankin nan ruwansa ɗumi ne kawai, an yi shi don kofuna da farantan da ba su da maiƙo. Ba ya narkar da kitse ko manja yadda ya kamata, turawa gaba kawai yake, su je su kwanta a filta da tiyo. Kwanukan nama na son mai zafin nan na digiri 65 ko 70. Ko ba kullum ba, sau ɗaya a wata ki samu ranar da wuta ta zauna, ko a tada babban janareto, ki kunna mafi zafin babu kaya a ciki, da maganin wanke injin ko ƙwayar sabulunsa guda. Ƙaramin janareto kam kada ma a gwada. In kuma aka ɗauke wuta yana tsakar aiki kika buɗe kika ga ruwa, ba lalacewa ya yi ba, bai kai wurin zubarwa ba ne.

Hajiya Goggo: To ni duk na karanta. A tada janareto a wanke injin da aka saya don shi yi wanki. Allah shi kyauta.

Ummu Sultan: Goggo ki bar ganin haka. Lodi guda lita 10 zuwa 12 yake sha, wajen rabin jarkar 'yan garuwa ke nan, ya wanke kayan gida guda. Yarinyata in ta tsuguna wanke-wanke jarka biyu ba ta isarta. Mu da ke sayen ruwa mun san bambancin.

Hajiya Goggo: Ruwan kin yi tsimi, wutar fa? Amma bari in gaya maku abin da uwayenmu ke yi, ko injin ko hannu. Kwanon da aka ci naman suna ko na layya ba a kai shi ga ruwa haka nan. Dusa ake barbaɗawa a murje kitsen tas, a zuba wa kaji, sannan a wanke. Ko rariyar gida ba a yarda kitse shi bi ta ba, don an san abin da yake yi da sanyi. Ku kun kwashi faranti da ƙashi da ƙwallon dabino kun tura wa ƙarfe.

Baban Walid: Wallahi Goggo ta fi ni iya faɗa. Ba a buƙatar ɗauraye kwano kafin a sa, ɓarnar ruwa ce, amma a kankare shi. Dusa, tsohuwar takarda, ko bayan cokali. Tuwo da ɗanwake da duk abin da ke da gari su ma a kankare, su ne ke zama simintin da Hajiya ta gani. Filta kuma duk Juma'a.

Anti Amarya: Yau Goggo ta zama injiniya.

Maman Hanif: Na dawo da rahoto. Tiyon wajen mun jiƙa shi a baho da ruwan zafi, muka yi ta matsawa, abin da ya fito ya kusa cika gwangwanin madara biyu. Mun mayar na wucin gadi, mun ɗaure na injin sama a jikin kanta da waya. An kawo wuta bayan azahar na saki mai zafin babu kaya, ya gama ƙasa a bushe ƙarau, fitila ta daina ƙyaftawa. Ɗan Fulamba, Baban Hanif ya ce ka turo mashi lissafin bututu ta akwatin sirri, ranar Asabar yana gida. Injiniya ban san da bakin da zan gode maka ba, ko sisi ba ka karɓa ba. Allah ya saka da alheri, ya raya su Walid.

Baban Walid: Amin Hajiya, ba komai. Ɓallin gilashin nan dai a duba kofunan, akwai wanda bakinsa ya ɓalle, kada yaro ya sha ruwa da shi.

Hajiya Goggo: An gama godiya, ni naman sunan ne har yau ban gani ba.

Maman Hanif: Goggo tuba nake. Hanif na hanya da shi yanzu, a cikin kwanon da injin ya wanke. Ki duba mani ko ya fita.

Hajiya Goggo: Ya iso, Allah shi yi albarka. Kwanon ya fita. Murfin ne dai na ga ɗan maiƙo a gefe.